Shekarar da Muka Yi Bandar Mutane

Gidanmu ne na farko in ka fito daga ruwa. Haka kakan maigidana ya kafa shi, dab da inda jirage ke tsayawa, a wani ɗan ƙauye kusa da Wara. Ni ba mai fita ba ce. Sai in yi wata biyu ban leƙa ƙofar zaure ba, amma babu abin da ke wuce ni a garin, domin duk wanda ya sauka daga jirgi ta bayan dangarmu yake bi, kuma mutum in ya taka ƙasa bayan ya daɗe bisa ruwa, bakinsa yakan buɗe. Ina zaune ina gyaran kifi, labari na shigo mini ta zana. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Nakan gane injin jirgin kowa tun yana tsakiyar gulbi.

Sana'ata banda. Inna ce ta koya mini, mahaifiyata, wadda ta dawo wurina da zama bayan rasuwar Baba. Ɗakin bandarmu ginin ƙasa ne, murhu uku da ragar waya a bisa, ƙofa ɗaya, sai 'yar taga da ba ta fi faifai ba. Inna ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, ba ta iya ɗaukar ko itace, amma hancinta bai tsufa ba. Tana zaune bisa kujerarta gefen murhu, ido a lumshe, sai ka ji ta ce, "Juya na tsakiya." Ka duba, lokacinsa ne. Da damina nan take yini, wai zafin wutar ne kawai ke lallashin ƙafafunta.

Da aka fara maganar korona a rediyo, ban yarda ba. Muna tsakiyar bazara a lokacin, irin zafin da kaza ke buɗe baki ta kwanta gindin randa. Maigida yana rataye 'yar rediyonsa a jikin darbejiyar tsakar gida, safe da yamma magana ɗaya: a wanke hannu, a rufe hanci, a bar musabaha. Ina jin muryar masu faɗin, ina cewa a raina, wannan daga takarda yake karantawa, bai taɓa ganin mai ciwon ba. Mu da muka shekara muna roƙon a gyara mana burtsatse, yau kuma hannuwanmu aka damu da su? Na ce akwai dai abin da ake nema.

Maza masu zaman gyaran tarun kamun kifi a rumfar bakin ruwa kuwa sun riga sun yanke hukunci. Wai ciwon ƙasar sanyi ne, zafi na kashe shi. Wani ya ji a rediyo, wani a waya, wani wurin wanda ya ji a waya.

"Wagga rana tamu ko ƙarfe ta samu sai ta lanƙwasa shi," in ji maigida, "balle abin da ido bai gani."

Na ce, "Malam, sanƙarau fa? Da ƙyanda? Ai da zafi suke zuwa."

Ya ce wannan daban, wancan daban. Ban yarda da rediyo ba, ban kuma yarda da rumfa ba. Amma bazara ta wuce ba wanda ya kwanta, muna ta kwananmu a tsakar gida bisa tabarmi kamar kowace shekara, sai maganar maza ta yi ƙarfi.

Ana nan sai aka rufe hanya tsakanin jiha da jiha. To mu nan, hayin gulbi wata jihar ce. An tsare kwalta, amma ruwa ba shi da shinge. Kuma daidai lokacin ne aka yi ruwan fari. Mutumin da ya tafi ci-rani kudu, ya bar gona a Shanga ko Ngaski, in aka buga masa waya aka ce ruwa ya sauka, ba dokar da za ta zaunar da shi. Sai suka riƙa biyowa ta hanyoyin daji har hayi, su shiga jirgi. Jiragen da muka sani da buhunan kifi da itace suka koma ɗaukar mutane, da jakunkuna da katifu a naɗe. Cikin masu wannan jigila har da ɗan kawuna, taubashina, wanda tun muna yara ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba.

Mai unguwa ya bi gida gida ya ce umarni ya zo daga sama: kada a sauke baƙo, kada a tara mutane. Ya faɗa yana kallon ƙasa, don ya san abin da muka tarar. Wanda hadari ya koro daga gulbi ba a tambayarsa daga ina yake sai ya bushe ya ci abinci, kuma gidan farko ne ke buɗe ƙofa. Haka aka yi tun kafin a haife mu.

Bayan ƙaramar Sallah da 'yan kwanaki, da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Na ji injin taubashina yana nishi, irin nishin jirgin da aka yi wa lodi ya wuce kima. Kafin su gama fitowa iska ta taso. Sun kai mutum goma sha biyar, maza ne duk sai mata biyu, sun jiƙe sharkaf da ruwan da igiyar gulbi ta watsa musu.

"Uwar hayaƙi, buɗe muna," ya ce daga zaure. "Na kamo miki manya, masu ƙafa biyu."

"Wanda ya kamo shi ke gyarawa. Ba ka ji abin da mai unguwa ya ce ba?"

"Mai unguwa shina cikin ɗaki a bushe."

Maigida ya tsaya yana shafa gemu, ruwa ya fara sauka. Can ya ce a kai su ɗakin banda. Zaure a bakin hanya yake, kowa ya gifta zai gani, maganar ta kai inda ba a so. Sannan ga wuta. "Ko tsutsa ba ta rayuwa a ɗakin nan," ya ce. "In akwai wani abu jikinsu, kafin safe ya mutu."

Kada wanda ya karanta wannan ya yi mana dariya. Mu mun san abin da hayaƙi ke yi. Tarwaɗar da za ta ruɓe a yini ɗaya, in ta kwana bisa raga sai ta yi watanni, ta je har kudu ba ta yi komai ba. Wannan muka gani da idonmu tun tasowarmu. Ni kaina rabin zuciyata ta ce dabara ce. Maigida ya ƙara itace a murhu ukun, ya toshe tagar da tsumma, matan biyu na ja su ɗakina, mazan suka shiga, aka ja ƙofa.

Inna tana ciki, ta ƙi fita.

"Ni da na haifi tara, wa zan ji wa kunya cikin waɗanga? Duk jikokina ne. Ku matso, ku ba ni labarin kudu."

Kafin magariba na kai musu tuwon dawa da miyar kifi. Na ajiye a bakin ƙofa, ban tafi ba, na tsaya ƙarƙashin indararo ina saurare. Kowa a ciki tari yake, dole ne, mutanen da ba su saba da hayaƙi ba. Ni kuwa na san tari kamar yadda na san inji. Na hayaƙi a maƙogwaro yake, yana zuwa da hawaye da majina, mai shi ya yi kaki, ya zagi itacen, ya yi dariya. Na mai taba daban. Na Inna na sani, sau biyu ne sannan ta ce astagfirullah. Amma a ƙarƙashin duk waɗannan akwai wani, busasshe, daga can cikin ƙirji, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Ba ƙarfinsa ne ya tsayar da ni ba. Mai shi jira yake sai wasu sun fara nasu, sannan ya saki nasa a ciki, kuma a cikin tufa yake yi. Mai tarin hayaƙi ba ya ɓoye tarinsa, me zai ɓoye?

Na tura ƙofar kaɗan. Wani dogon mutum ne, ramamme, cikin rigar sanyi mai hula. Inna ta jawo shi kusa da ita gefen wuta don ta ga yana rawar ɗari. Ta ɓara goro ta ba shi rabi. Moɗa ɗaya ke zagaya ɗakin.

Na sami maigida yana alwala. "Malam, akwai mai tari a ciki."

"Duk wanda ke ciki tari shina yi."

"Wannan ɓoyewa yake."

"Ke dai kunnen nan naki, wata rana sai ya ji abin da ba a faɗa ba."

Na kira Inna da sunan salla. Ta fito, ta yi, ta koma, wai ana tsakiyar labarin wata gada da ke bisa teku. Sai bayan isha'i ta dawo ɗakinta.

Da safe na tare mutumin a gindin randa, na miƙa masa kunu daga nesa.

"Bawan Allah, tun yaushe kake wannan tarin?"

"Ruwan jiya ne, uwargida."

"Na jiya bai kai ya nuna haka ba."

Ya dubi kunun. "Gonata nake so in kai. An yi shuka ko'ina, tawa ce kawai a kwance."

"Ban tambaye ka gona ba."

Ya sha rabi, ya yi godiya, ya hau kabu-kabu ya nufi wajen Shanga. Ban riƙe shi a zuciya ba. Da ni ce, a lokacin da ake cewa ana kama masu tari a hanya, da na ɓoye fiye da haka.

Cikin satin sau biyu aka ƙara kawo mana wasu, duk ɗakin banda. Magana ta zagaya cewa gidanmu ana gasa korona. Har wani tsoho maƙwabcinmu, gwanin ɗinkin taru, ya riƙa zuwa kullum da hantsi ya zauna ciki, wai yana shan rigakafi. Shi da Inna su yi ta gardamar wanda ya girmi wani. In na yi magana a ce na cika zargi.

Wajen kwana shida da saukar na farkon, Inna ta tashi da zazzaɓi. Kowa ya ce damina ce, sauro ya yi yawa, wa ya taɓa ƙetare farkon damina bai kwanta ba? Muka ba ta maganin zazzaɓi, na dafa ganyen darbejiya ta yi surace. Ta ɗan ji dama, ta lallaɓa ta koma kujerarta. Ranar na ɗora ƙarfasa cike da raga, na bar mata, na tafi wanki can ƙarshen gida. Daga can na jiyo ƙauri. Na zo da gudu, kifin murhun tsakiya ya zama gawayi, Inna na zaune taku biyu daga wurin, idonta biyu.

"Inna, ba ki ji ba?"

"Mi?"

Na shiga madafa na ɗauko daddawa, na dunƙule a hannu, na ce ta rufe ido. Na kai har bakin hancinta.

"Mi ne wannan, Inna?"

"Hannunki ne. Wane irin wasa ne haka?"

Rediyon da ban yarda da shi ba ya sha faɗin wannan, cewa hanci na mutuwa, baki ya daina jin ɗanɗano. Na ji shi, na ajiye a gefe ɗaya kamar yadda nake ajiye komai.

A satin nan tsoho mai ɗinkin taru ya rasu. Kwana uku ya yi a kwance. Aka ce tsufa, aka yi masa sutura, ba wanda ya tambayi kowa komai. Ni dai danga ɗaya ce tsakaninmu, kuma na ji irin tarin da ya yi.

Na faɗa wa maigida maganar daddawa. Ya leƙa zaure, ya dawo, ya rage murya.

"Kada bakinki ya kama sunan abin nan. In mutanen gwamnati sunka ji, zuwa za su yi da fararen kaya su ɗauke ta sai Birnin Kebbi. Ba mai ganinta. In ta cika can, ko wanka ba mu yi mata. Haka kike so ma uwarki?"

Ba wanda ya taɓa ganin an yi wa wani haka a garinmu, amma kowa ya ji. Ni ma na ji, kuma na tsorata. Na yi kwana biyu ina sauraren Inna. Matar da ke ba da labari tun daga tushe har reshe ba ta tsaya ba, yanzu sai ta yanke a tsakiyar magana, ta nemi iska, ta ci gaba. Daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango sau biyu. Tarin nata ya canza, ya bar maƙogwaro ya koma ƙasa.

Rana ta uku na ɗauki mayafi na fita. Mata biyu da na gamu da su a hanya suka tsaya. "Lafiya? Wa ya rasu?" Na ce maganin ciwon kai zan karɓo.

Malamin asibitinmu ɗan Kambari ne, Hausarsa da ɗan karin harshensu, mutum mai sanyin magana. Na tarar ya fito da teburinsa gindin mangwaro, ya ɗaure hanci da ƙyallen atamfa. Na zauna nesa, na ce wata maƙwabciyarmu ce ba ta da lafiya, tsohuwa, zazzaɓi da tari, kuma ba ta jin wari. Ya saurara har na gama.

"Maƙwabciyar nan," ya ce, "gwiwarta na nan na damunta?"

Na sunkuyar da kai. Daga nan na faɗa masa komai, jirgi, ɗakin banda, tsumman taga, moɗa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ce wutar da za ta kashe abin da ke cikin ƙirjin mutum sai ta kashe mutumin tukuna.

Na ce, "To ai bazara ta wuce ba wanda ya kamu."

"Da bazara ina kuke kwana, Mama?"

"Tsakar gida."

"Ina kuke hira? Ina kuke cin abinci?"

"Waje."

"To kin gani. Iska ce ta yi muku aiki. Kuma lokacin bai iso nan ba. Yanzu ruwa ya kawo mutane gida, ya kuma kora kowa ɗaki, an rufe ƙofa."

Ya ce ba shi da abin gwaji, ba zai rantse cewa shi ne ba, amma mu ɗauka shi ne. A sa ta inda iska ke ratsawa. Mutum ɗaya ya yi jinyarta, da hanci a rufe. Ƙwaryarta daban. Ba mai shiga dubiya. Ta riƙa kwanciya rub da ciki ko ta gefe, ta sha ruwa da yawa. In leɓenta ya yi duhu ko ta kasa haɗa kalma uku, a kira shi ko yana ina.

"Za ka faɗa musu?"

"Dole in sanar, aikina ne. Amma ba wanda zai fizge miki uwa."

Na sa kunne sosai a muryarsa ina neman ƙarya. Ban samu ba. Amma na ji shi kansa bai san abin da na sama da shi za su yi ba.

Na dawo na kwashe tarkacen rumfar da ke jikin ɗakina, mai rufin kwano, gefe biyu a buɗe. Na kafa gado da gidan sauro, na mai da Inna nan. Ta ce na fitar da ita waje kamar akuya. Maigida da ya ji inda na je, kwana biyu bai yi mini magana ba, sai dai ya tsaya daga gindin darbejiya ya ce, "Inna, ya jiki?" Na ɗaure hancina da ɗankwali. Mata suka fara zuwa dubiya, ina tare su a zaure ina cewa tana barci. Ta farko ta yarda, ta biyu ta yarda. Ta biyar na ji ta a bayan danga tana ce wa 'yar uwarta, "Kullum barci? Kuma mi ta ɗaure ma baki?"

Duk ƙarar inji da ta taso daga wajen tudu sai in ce masu fararen kayan ne. In ajiye abin da ke hannuna in saurara: babur ne ko mota? Kullum babur. Ruwa ya cinye hanyarmu a kwari, mota ba ta ƙetarewa. Har yau ban sani ba, ruwan ne ya hana su zuwa, ko ba su taɓa tasowa ba.

Ana cikin haka, wata la'asar, hadari ya sake haɗowa, na kuma ji injin taubashina yana nishi. Maigida ya tashi ya ɗauki itace ya nufi ɗakin banda. Na riga shi, na tsaya a ƙofar.

"Matsa," ya ce a hankali.

"Malam, ba mai shiga nan."

"Ki bar mutane cikin ruwa? A gidan ubana?"

Sun riga sun cika zaure, wasu sun leƙo tsakar gida. Taubashina na gaba yana yarfe ruwa daga hula. "Uwar hayaƙi, yau da ƙanana na zo, ba su cin itace da yawa."

Na san in na faɗa, kafin magariba garin duk ya ji, daga garin kuma sai inda Allah ya kai ta. Na san kuma in ban faɗa ba, ba abin da zai hana a cusa su ciki a ja ƙofa, gobe su watsu ƙauyuka goma, wurin tsofaffin wasu. Na ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji.

"Inna na kwance da ciwon nan da ake faɗi a rediyo. A ɗakin nan ta ɗauka. Wanda ke so ya kai wa uwarsa, ga ƙofa."

Waɗanda suka leƙo suka ja da baya, har wani ya taka wani. Abin ya so ya ba ni dariya, su da ban san abin da ke cikin ƙirjinsu ba, su ne ke gudunmu. Maigida ya zubar da itacen, ya shiga ya jawo tamfol ɗin da muke shanya kifi, ya ce wa taubashina, "Kama can." Suka kai mutanen zuwa rumfar taru ta bakin ruwa, suka ɗaure tamfol ta gabas inda iska ke bugowa, sauran gefen a buɗe. Na dafa tuwo, maigida ya ajiye musu daga nesa. Feshin ruwa ya same su, ba ƙarya. Wasu sun zage ni, wai gidan farko ya lalace tun da mace ta karɓe shi. Iska ta kawo mini kowace kalma.

Washegari ba mai sallama a zaurenmu. Mai kawo mana itace ya jibge a hanya ya tafi. A kwanakin ne kuma jikin Inna ya fi tsanani. Yini biyu tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye. Ina zaune gefenta ina kallon leɓenta, ina sa ta ta ce bismillahi in ji ko za ta kai ƙarshe. Malamin asibiti ya zo bisa babur, ya duba ta, ya ƙara magani, ya ce in gobe ba sauyi sai a sa ta jirgi zuwa Yelwa, ko ana ruwa ko ba a yi. Maigida ya je ya zuba mai a inji ya ajiye.

Da gari ya waye ta buɗe ido, ta dube ni sosai, ta ce, "Cire wanga tsumma daga fuska, kin yi kama da ɓarawo. Akwai kunu?"

Ta sha ludayi huɗu, ta ce ba gishiri ba tsami, wa ya koya mini damu. Jirgin bai tashi ba.

Sai da ta yi wajen wata guda kafin ta iya zagaya tsakar gida ba dafa bango. Ba a taɓa gwada ta ba, saboda haka ba mu da takardar da za mu nuna wa kowa. Maigida har gobe in an tayar da maganar cewa yake zazzaɓin damina ne mai ƙarfi, amma bai ƙara sa mutum a ɗakin banda ba. Inna kuwa abin da ya dame ta daban. Da ta samu ƙarfi ta zaunar da ni.

"Wa da wa sunka zo dubiya kika kore su?"

Na lissafa mata, gida goma sha ɗaya.

"To sai na bi su na yi godiya. Ba a bar ni da wagga kunya ba. Ɗauko mayafi, ke za ki riƙe ni."

Malamin asibiti ya ce kwanakin ɗauka sun wuce, ba laifi. Muka fita da hantsi, hannunta a kafaɗata. Gidan farko muka yi sallama sau uku. Na ji takun matar gidan, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, ta zo har bayan zana ta tsaya, ba ta ɗaga ba.

"Lale, lale. Jiki ya yi sauƙi? Wallahi ina cikin aiki ne, hannuna duk ƙullu."

Ba ƙullu a hannunta, na ji tana murza carbi.

Inna ta gyara tsayuwa. "Riƙe ƙullunki. Godiya na zo yi, kin zo ɗiyata ta hana ki shiga. Ba ta da kunya, amma ga ni tsaye."

Can matar ta turo kujera da ƙafa ta ƙarƙashi, har ta fito waje. Inna ta zauna a nan bakin hanya tana mai da numfashi, ita a waje, ƙawarta a ciki, suka shiga gaisuwa tun daga mutanen gida har awaki. Da muka tashi na ce mu koma, ya isa na yau.

"Saura goma," in ji Inna. "Kama ni."